VPN ko romin: wanne zai shigar da kai Disneyland na Shanghai ba tare da banki ya rufe maka kati ba?

Alhaji, barka da hanya. Tun jiya da dare na ga tambayarka, sai yanzu na samu zama. Ka ce kana Guangzhou, kun tashi daga baje kolin Canton, kana so ka kai Hajiya da yara Disneyland na Shanghai kafin ku dawo gida. Manhajar wurin sai juyi take yi ba ta buɗewa, da ta buɗe kuma ka zo biyan kuɗin tikiti sau uku ana ƙin karɓar katinka, har banki ya turo saƙo ya dakatar da shi. Sannan wani a otal ɗinku ya ce maka kada ka kuskura ka kashe VPN lokacin biyan kuɗi saboda 'yan damfara. Kana tambaya: ka bar VPN ɗin a kunne, ko ka sayi data ta romin, wato aiki da layin wata ƙasa alhali kana Chaina, ka huta?

Wanda ya ba ka shawarar nan da kyakkyawar niyya ya yi, amma ya haɗa abu biyu da ba su haɗa hanya ba. A Chaina aikin VPN shi ne ya buɗe maka WhatsApp da Facebook da Gmail da aka toshe. Tsaron kuɗinka ba a hannunsa yake ba, kuma a irin halin da kake ciki shi ne na farko da zan zarga.

Hanyoyi biyu ne a gabanka. Ta farko ita ce wadda kake kai yanzu: Wi-Fi na otal ko sim ɗin Chaina, da VPN a kansa. Ta biyu ita ce romin, ko dai da layinka na gida ko da eSIM na matafiya, wato sim ɗin da ake saukewa a cikin waya ba tare da kati ba, ba VPN. Abin da ya sa ta biyun take aiki shi ne, datar mai romin ba ta fita intanet daga cikin Chaina, ana ɗauke ta ne a kai ta ƙasar kamfanin da ya sayar da sim ɗin, daga can ta fita. Saboda haka shingen da Chaina ke toshe intanet da shi ba ya taɓa ta. WhatsApp zai buɗe kamar kana Kano.

Bari mu fara da inda ya yi maka ciwo, wato banki. Duk sanda ka danna biya, ba mutum ne yake duba cinikin ba, kwamfuta ce da aka koya wa zargi. Tana duba adireshin intanet ɗin da ka fito, da wayar, da ƙasar katin, da ƙasar mai sayarwa. Da VPN a kunne, ga abin da take gani: kati na Najeriya, mai sayarwa a Shanghai, adireshi kuma a Amurka ko Singapore. Ka gwada bai yi ba, ka canza ƙasa a cikin VPN ɗin ka sake gwadawa, yanzu kuma ka zama kana Japan, cikin minti biyar. Ko kai ne ma'aikacin bankin, ai za ka ce an sace katin. Ƙari a kan haka, adireshin da VPN ke ba ka ba naka ba ne kai kaɗai. Dubban mutane ne ke fita ta ƙofa ɗaya, cikinsu har da masu gwada katunan sata, kuma kamfanonin biyan kuɗi sun san waɗannan adireshi, sun yi musu alama. Ka shiga motar da ake nema ne, ba ka sani ba.

Romin ma ba zai nuna kana Shanghai ba, gaskiya ɗaya ce. Yawancin eSIM na matafiya ta Hong Kong ko Singapore suke fita. Bambancin shi ne adireshin na kamfanin waya ne, irin na kowane matafiyi, kuma ba ya tsalle daga wannan ƙasa zuwa waccan tsakanin gwaji da gwaji. A nan romin ya yi wa VPN fintinkau. Amma idan batun biyan kuɗi ne kawai, abin da ya fi duka biyun shi ne ka kashe VPN ɗin ka biya kai tsaye, sannan ka mayar da shi.

Kafin ka ɗora wa VPN laifin duka, ka tambayi bankinka abu ɗaya idan ka kira su buɗe katin: nawa ne iyakar abin da za ka iya kashewa a waje? Katin naira yana da ƙa'ida, kowane banki da tasa, kuma suna canza ta. Tikitin mutum biyar a biya ɗaya zai iya haura ta. Idan kana da katin dala, shi za ka sa.

Sai batun manhajar kanta. Ita wannan manhaja ba ta sayen tikiti ce kawai ba. A cikin filin ita ce taswirarka, ita ke nuna maka tsawon jira a kowane wasa, a cikinta kuma ake sayen Premier Access, wato izinin da ake biya don a tsallake dogon layi. An gina ta ne don mutanen da ke cikin Chaina. Idan ka kunna VPN, saƙonka zai bar Pudong, yankin Shanghai da filin yake, ya tsallaka teku ya je wata ƙasa, sannan ya juyo ya dawo Shanghai, inda kake tsaye. Kuma a hanyar fita sai ya bi ta shingen da aikinsa ke nan ya gano VPN ya shaƙe shi. Juyin da ka ga manhajar tana yi ke nan. Da romin ma akwai zagaye, amma hanya ce da kamfanonin waya suka shimfiɗa da yarjejeniya, ba wanda ke farautarta, don haka jinkirin kaɗan ne kuma ba ta yankewa haka kawai.

Yankewar nan ita ce ta taɓa ba ni kunya. Akwai wani saiti a yawancin VPN da ke katse intanet ɗin waya gaba ɗaya da zarar VPN ya faɗi, wai don kada bayananka su fita a buɗe. A ƙofar wani wurin shaƙatawa a can Chaina abin ya same ni: na zo kan mai duba tikiti, VPN ya faɗi, waya ta mutu murus, ga mutane a bayana sun fi ɗari. Sai da na koma gefe ina ta latse-latse kafin na gane abin da ya faru. Ka duba naka ka kashe wannan saitin kafin ranar.

Wi-Fi na wuraren jama'a a Chaina yawanci sai an turo maka lamba ta saƙon tes kafin ka shiga, kuma da yawa lambar Chaina suke so. Shafin shigar ma ba ya fitowa idan VPN na kunne. A nan mai sim ɗin Chaina ya fi mai eSIM, don yawancin eSIM data ce zalla, ba lamba. Kuma ko wace hanya ka bi, kada ka cire layinka na gida daga waya, ta nan banki zai turo lambar tabbatar da biya. Ka tabbata an buɗe masa romin, ka kashe masa data kawai don kada ya cinye maka kuɗi.

Wajen tsada VPN ya ci. Data a layin gida da romin tana da ɗan karen tsada, eSIM ya fi sauƙi amma bai kai arahar sim ɗin Chaina ba, kuma ba kowace waya ce ke ɗaukar eSIM ba, sai ka duba taka. Idan ta Hong Kong yake fita, ka gaya wa yara tun da wuri TikTok ba zai yi ba, tun 2020 kamfanin ya janye daga can.

Wajen doka kuwa romin ya ci. Tun farkon 2017 hukumomin Chaina suka ce VPN mai lasisi kawai aka yarda da shi, a cikin 2017 ɗin kuma Apple ya cire manhajojin VPN da dama daga shagonsa na Chaina. Baƙi da yawa suna amfani da shi, kai ma shaida ne, amma romin ba shi da wannan inuwar a kansa.

To mu dawo kan tsoron 'yan damfara, don nan ne gizo ke saƙa. Manhajar bankinka da Alipay da WeChat Pay, manhajojin biyan kuɗi na Chaina, duk suna kulle bayanai tun daga wayarka har zuwa kwamfutarsu, da VPN ko babu. Mai leƙe a Wi-Fi na otal zai iya ganin kana magana da banki, ba zai ga lambar katinka ba. Abin da VPN ke yi shi ne ya ɗauke wannan leƙen daga otal ya miƙa wa kamfanin VPN. Idan kamfani ne sananne da kake biya, to. Idan kuwa irin na kyauta ne da wani ya tura maka a waya a Xiaobei, unguwar 'yan kasuwar Afirka a Guangzhou, wanda ba ka san mai shi ba, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ni ba zan buɗe manhajar banki a kan irin wannan ba ko da wasa.

Haɗarin gaske a fili yake, a hannunka. Biyan kuɗi a Chaina iri biyu ne: ko kai ka ɗauki lambar QR ta mai kaya, ko shi ya ɗauki taka. A na farko abin tsoro shi ne a liƙa lambar bogi a kan ta gaske, maganinsa kuma ka karanta sunan da ya fito kafin ka sa lambar sirri. Na biyun ya fi buƙatar kula. Lambar da ke fitowa a fuskar wayarka kamar kuɗi ce a tafin hannu, ƙananan biya suna wucewa ba tare da an nemi lambar sirri ba. Tana sabunta kanta bayan ɗan lokaci, amma a wannan ɗan lokacin tana aiki ga duk wanda ya ɗauke ta. Kada ka buɗe ta tun kana bayan layi kana riƙe da waya a sama, kada ka ɗauki hotonta ka tura wa kowa, ko da ya ce shi ma'aikacin wurin ne. Kuma kada ka miƙa wa yaro wayar da Alipay ke buɗe ya je sayen askirim. Babu VPN a duniya da zai tare ɗaya daga cikin waɗannan.

Tsakanin sa lambar kati kai tsaye da biya ta Alipay ko WeChat Pay, ni na fi son na biyun a cikin filin. Tun tsakiyar 2023 dukansu suna karɓar Visa da Mastercard na waje, mai kaya kuma ba ya ganin lambar katinka. A Maris ɗin 2024 babban bankin Chaina ya sa aka ɗaga iyakar baƙi zuwa dala 5,000 a biya ɗaya, dala 50,000 a shekara, ga wanda ya tabbatar da kansa da fasfo. Aibinsa kuɗin aiki: abin da bai wuce yuan 200 ba kyauta ne, abin da ya haura ana cire kashi 3 cikin ɗari. Abinci da ruwa ba za ka ji ba. Tikiti kuwa za ka ji, idan jimilla ta kai yuan 3,000 to 90 sun tafi. Apple Pay da ire-irensa da ake ɗora waya a kan na'ura suna da tsaro mai kyau, lambar aro suke bayarwa ba ta katin ba, sai dai a Chaina ba kowace na'ura ce ke karɓar katin waje ta wannan hanya ba. Ka riƙe tsabar yuan kaɗan a aljihu, ƙin karɓar tsabar kuɗi laifi ne a dokarsu.

Wani abu da na tabbata zai zo maka tunda an ga kana fama: dillalan tikiti. 'Yan Chaina suna kiran su huangniu, wato rawayen shanu. Za su ce ka tura musu kuɗi ta WeChat su saya maka da rahusa. Tun Disambar 2024 tikitin Disneyland na Shanghai da sunan mai shi da lambar shaidarsa ake sayar da shi, a ƙofa kuma fasfon da aka saya da shi za a duba. Tikitin da ke ɗauke da sunan wani ba zai shigar da kai ba, kuɗin da ka tura wa mutum da hannunka kuma da wuya ya dawo. Ka saya a manhajar ko shafin wurin, ko wani babban kamfanin tafiye-tafiye irin Trip.com, ka shigar da sunan kowa yadda yake a fasfo, harafi da harafi.

Da ni ne kai, ga yadda zan yi. Yau zan kira banki su buɗe katin, in gaya musu ina Chaina. In kashe VPN, in rufe manhajar gaba ɗaya in sake buɗe ta, in gwada biya sau ɗaya tak. Idan bai wuce ba, ba zan sake dannawa ba, sai in koma ta Alipay in haƙura da kashi ukun. Idan wayata tana ɗaukar eSIM zan sayi na kwanakin da suka rage, shi ne zai zama datata ranar yawon, VPN ya zauna a kashe har mu koma otal. Idan ba ta ɗauka, sim ɗin Chaina ya isa, in kunna VPN kawai lokacin da zan duba WhatsApp. Masu Android suna da sauƙi a nan, VPN da yawa suna bari ka zaɓi manhajojin da za su bi ta cikinsa, sai ka saka WhatsApp da Gmail ka bar Alipay da manhajar filin a waje. A iPhone da wuya ka samu wannan, kunnawa da kashewa ne da hannu.

Idan kuma tafiyar Shanghai ta yi muku nauyi, kusan awa biyu da rabi ce a jirgin sama, ga Chimelong nan a Panyu cikin Guangzhou, layi na 3 na jirgin ƙarƙashin ƙasa zai sauke ku a tashar Hanxi Changlong. Duk abin da na faɗa kan VPN da biyan kuɗi haka yake a can. In Shanghai ɗin ce dai, layi na 11 za ku hau har ƙarshensa, tashar Disney Resort. Ku ɗauki fasfo na asali na kowa har da ƙaramar, ba hotonsa a waya ba, da abin cajin tafi-da-gidanka, don taswirar manhajar tana shan batir. A gaida Hajiya da yara.