Raba STL gida-gida: a bar wa kusurwa ko a raɗa suna tun daga zane?

Wani ƙanina a nan zaure ya zana ɗakin soro irin na unguwar Birni a Damagaram, yana son ya ga yadda iskar bazara ke shiga ta taga ta fita ta ƙofa. Da ya shigar da STL ɗin, wato fayil ɗin siffar ɗakin, cikin OpenFOAM, manhajar lissafin yadda iska ke gudana, sai komai ya zo masa a dunƙule, ba inda zai nuna ya ce nan ne mashiga, nan ne mafita. Tambayarsa: ya bar manhaja ta raba masa ta hanyar kusurwa, ko ya koma zane ya raba da kansa?

Ƙanina, ba kai ka yi kuskure ba, halin STL ke nan. Tun da kamfanin 3D Systems ya fito da shi a 1987, alwatika kawai yake ɗauka, bai san bango ba bai san taga ba.

Raba ta kusurwa ita ce mai sauri. Manhaja na duba kowace alwatika da maƙwabciyarta, in karkatar da ke tsakaninsu ta wuce digirin da ka ba ta sai ta ja iyaka. A OpenFOAM aikin surfaceAutoPatch ke nan, STAR-CCM+ da Gmsh ma suna da irinsa. Ga abu mai kaifin gefe kamar akwati, kafin shayi ya huce ka gama.

Sai dai ɗakinka ba akwati ba ne. In ka zana tagar a shafe da bango, karkatar da ke tsakaninsu sifili ce, ko wace lamba ka sa ba za ta balle ba. Rufin kuma, da yake tulluwa ce, matsalarsa akasin haka ce. Da'irar da aka yanka gida 12, tsakanin kowane yanki da na kusa da shi digiri 30 ne, to ka ba manhaja 20 ka gani, za ta farfasa maka tulluwar kamar tukunyar da ta faɗo daga kai. Ka ɗaga lambar, sai rufi ya manne da bango a inda ginin ya lanƙwasa a hankali, kuma magina na Damagaram ba su cika son kaifin kusurwa ba. Ga sunayen da take bayarwa, patch0, patch1, ka sake taɓa zanen kaɗan lambobin su sauya wuri, ka wayi gari iska na shigowa ta daɓe.

Raɗa suna tun daga zane ya fi cin lokaci a ranar farko. A Salome, manhajar zane wadda kyauta ce, za ka tara fuskoki rukuni-rukuni: taga, ƙofa, bango, rufi, daɓe. Ka fitar da kowane rukuni a STL na rubutu, domin shi ne ke da layin solid da ake rubuta suna a gabansa, na binari ba ya riƙe sunayen sassa. Ka haɗe su fayil guda, snappyHexMesh, mai gina ragar lissafi a OpenFOAM, zai karanta kowane suna a matsayin iyaka.

Ita ma tana da tarko, kuma ni kaina na faɗa ciki. In ka saƙa wa kowane sashe ragarsa ta alwatika daban, alwatikan ba za su haɗu a bakin ɗinki ba, sai ragar lissafi ta tsiyaye waje. Ka saƙa wa ɗakin raga ɗaya gaba ɗayansa, sannan ka fitar da rukunan daga cikinta, ka bi da surfaceCheck na OpenFOAM ya tabbatar maka a rufe yake.

Da wani ne ya turo maka fayil ɗin ba ka da asalin zanen, da na ce ka fara da kusurwa, ka yanko tagar da topoSet da createPatch na OpenFOAM. Amma zanen na hannunka, kuma na san malaminka zai ce ka gwada taga uku ko huɗu masu girma daban-daban. Koma Salome ka raɗa sunayen yau.