Sharhi kan akwatin fentin ruwa mai launi 12 da muka haɗa da kiɗan kalangu

A Kasuwar Sabon Gari ta Kano na sayi wannan akwatin fenti, na kawo shi ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim domin 'yata mai shekara biyar, kuma sai da muka yi wata biyu muna amfani da shi kafin na zauna rubuta wannan sharhi.

Ni ke riƙe ƙaramin kalangu a hammata, ita kuwa tana zaune a tabarma da burushi da ƙoƙon ruwa. Idan na matse igiyoyin fatar, sautin ya yi sama, sai ta ja layi siriri da rawaya. Idan na sassauta, ya yi kauri, sai ta danna shuɗi ko baƙi. Ban koya mata wannan ba, ita ta tsara abinta, ko da yake tun a kwalejin horar da malamai na san cewa Kandinsky, mai zanen nan ɗan Rasha da ya rasu a 1944, ya daɗe da danganta launi da sauti. Daga baya muka juya al'amarin: ta fara zanawa, ni kuma in kaɗa abin da na gani, har ta riƙa tsayar da ni tana cewa, "Baba, ja ba ya tafiya a hankali."

A nan fentin ya burge ni. Yana narkewa da ɗigon ruwa kaɗan, saboda haka hannun yarinya yana iya bin saurin kiɗa, kuma iskar hunturu kan busar da shafi kafin a gama zagaye na gaba. Shuɗin da jan suna da ƙarfi, kuma tabonsu ya fita daga rigarta da sabulu.

Burushin da ya zo a ciki ba shi da inganci, domin a mako na biyu gashinsa ya fara zubewa a kan zane. Rawayar ma ba ta da kauri, sai an maimaita shafawa kafin ta fito, kuma idan aka gauraya ta da shuɗi, koren da ake samu dishi-dishi ne. Takardar littafin makaranta takan jiƙe ta yage, don haka muka koma farin kwali mai kauri.

Zan sake sayensa, amma zan haɗo da burushi biyu na daban, babba da ƙarami, tun da yanzu ita ce ke neman karɓar kalangun ta bar mini zanen.