Kular ƙanƙara da muka je Agadas da ita

Wannan kular a kasuwar Sabon Gari na saye ta, babba mai marfi shuɗi, saboda tafiyar da muka yi Agadas da yara wajen yayar maman su. Gaskiya ta biya kuɗinta. Daga Damagaram muka zuba ƙanƙara da asuba, muka wuce Tanut muka wuce Adarbisinat, rana kamar za ta dafa mutum iska kuma sai ƙura take watso mana ta taga, amma da la'asar da na buɗe wallahi ruwan da sanyinsa har da guntun ƙanƙara a ƙasa. Ko ranar da muka je kallon hasumiyar babban masallacin nan na laka mai tsawon mita 27 ita ta cece mu, autana ya shanye zoɓon duka.

Matsalarta hannun, roba ce marar ƙwari, tun kafin mu dawo ya tsage sai da na ɗaure da igiya. Ga nauyi in ta cika.

Yanzu Hajiya ta ƙwace ta tana zuba kunun aya na sayarwa, ni kuma in zan je kamun kifi ranar Asabar sai na roƙa.