Cibiyar tsawaita rayuwa a Wuse 2: awon jini da tallar dawwama

A 'yan shekarun nan an samu wasu sababbin wuraren kula da lafiya a Abuja waɗanda suka tsaya tsakanin asibiti da kantin magani, suna sayar da abin da suke kira hana tsufa da tsawaita rayuwa. Cibiyar da na ziyarta tana Wuse 2, a saman bene, kuma aikinta ya rabu gida biyu: akwai ɓangaren da ya cancanci kuɗin mutum, akwai kuma wanda ya kamata a shige shi da hattara.

Ɓangaren awo ba shi da abin kushewa. Ma'aikaciyar jinya ta bar ni na zauna na huta kafin ta auna mini hawan jini, ta kuma maimaita awon a ɗaya hannun, abin da ba kowane wuri ake samun haƙurin yin sa ba. An ɗibi jini don duba sukari da kitsen jini da aikin ƙoda da hanta, sakamako ya iso ta WhatsApp washegari, likita kuma ya yi mini bayaninsa layi bayan layi ba tare da gaggawa ba. Tun da hawan jini da ciwon sukari kan daɗe a jiki ba su nuna alama ba, wannan hidima ce ta gaske, ko da yake ɗakunan gwaji na Garki suna yin irin waɗannan awon a farashi mai sauƙi.

Daga ofishin likita ake wucewa da mutum wani ɗaki mai kujerun fata, inda wasu ke kishingiɗe da ƙarin ruwa a hannu suna latsa waya. Nan wani matashi sanye da kwat ya tare ni da kwamfutar hannu, ya nuna mini adadin da ya kira shekarun jikina, ya ce tsarinsu na wata-wata zai rage shi. Tsarin ya ƙunshi ƙwayoyin NMN da ƙarin ruwa na NAD, wasu sinadarai da ake tallatawa a matsayin masu rage tsufa, kuɗinsa kuwa ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sau da dama. Na ɗauki kwalbar na juya ta, ban ga lambar NAFDAC ba, da na tambaya sai ya ce, "Ranka ya daɗe, daga Amurka ake kawo ta kai tsaye," kamar hakan ya wadatar.

Hujjojinsa duk sunayen attajirai ne, kuma bai yi ƙarya game da su ba. Google ya kafa kamfanin Calico a 2013 don binciken tsufa, an ƙaddamar da wani kamfanin irinsa, Altos Labs, a 2022 da jarin dala biliyan 3, attajirin Amurka Bryan Johnson kuwa yana kashe kimanin dala miliyan 2 a shekara a kan jikinsa. Akwai kuma ilimi na haƙiƙa a ƙarƙashin wannan hayaniya, domin Shinya Yamanaka na Japan ya sami kyautar Nobel a 2012 saboda ya nuna cewa ana iya mayar da ƙwayar halittar da ta girma zuwa matakin farko. Abin da matashin ya tsallake shi ne yawancin nasarorin a jikin ɓeraye aka gan su, kamar yadda maganin rapamycin ya tsawaita ransu a binciken 2009, kuma har yau babu wanda aka tabbatar ya wuce shekara 122 da Jeanne Calment ta Faransa ta yi kafin rasuwarta a 1997.

Da hira ta yi nisa ya faɗi abin da na fahimci shi ne ainihin aƙidar wurin, wato mutuwa matsala ce da fasaha za ta warware nan gaba, wanda ya fara biya yanzu shi zai riski wannan zamani. Neman magani ba laifi ba ne, Manzon Allah (SAW) ma ya yi umarni da shi, amma a hadisin ya keɓe cuta ɗaya da ba ta da magani, ita ce tsufa. Ko an ajiye addini gefe, lissafin kasuwar ya isa ya sa mutum ya tsaya, domin babu cinikin da ya kai na abokin cinikin da ke biya kowane wata don abin da ba za a taɓa iya cewa ya kammala ba. Idan ya rayu, maganin ne ya yi aiki, idan ya mutu, babu mai dawowa neman kuɗinsa.

Wani abin da ya fi damuna shi ne wanda ake yi wa wannan alƙawari. Matsakaicin tsawon rai a Nijeriya yana wajen shekara 54, a Japan kuma yana wajen 84, wannan tazara kuwa zazzaɓin cizon sauro da mutuwar ƙananan yara da ta mata wajen haihuwa da rashin ruwa mai tsabta ne suka fi haddasa ta, abubuwan da an riga an san maganinsu. A ce ma fasahar ta tabbata, masu kuɗi su riƙa kai shekara 150, to rabon gado, wanda ke warwatsa dukiya daga hannu ɗaya zuwa hannaye da yawa, zai jinkirta, kujerun mulki ma haka, alhali tun yanzu muna kuka da masu ƙin sauka. Na tambaye shi abin da mutum zai yi da ƙarin shekarun idan tsararrakinsa duk sun tafi, ranakunsa kuma sun koma ƙirgen ƙwayoyi da duba agogon auna barci, sai ya yi murmushi ya ce akwai rangwame ga wanda ya yi rajista tare da iyalinsa.

Wanda ke son a duba shi cikin natsuwa, kuma farashin bai dame shi ba, zai ji daɗin ɓangaren awo. Sai dai ya karɓi sakamakonsa ya kai wa likitan da ya saba da shi kafin ya sa hannu a kowane tsari, musamman idan yana shan maganin hawan jini ko na sukari, ya kuma nemi ganin lambar NAFDAC a kan duk kwalbar da aka miƙo masa. Wurin ajiye mota ƙarami ne, saboda haka zuwa da safe ya fi, da ma awon sukari kafin karin kumallo ake yin sa.