Gargaɗi ga masu sayen mota: miliyan 9.7 na biya, aka ba ni mota da lambar shasin wata motar

Jama'a duk wanda ke shirin sayen mota 'yar Kwatano a Kano ya daure ya karanta wannan har ƙarshe, ko bai san ni ba. Akwai mutanen da yanzu sana'arsu ita ce canza lambar shasi, kuma ba a takarda kawai ba, a jikin motar suke canzawa, wannan 'yar farantin da ake leƙowa ta gilashin gaba ɓangaren direba. Ni aka yi wa. Naira miliyan 9 da dubu 700 na tura, banda la'adar dillali dubu 150, a kan Camry Muscle wai 2010, ashe 2008 ce aka yi mata kwalliya. Miliyan 9 da dubu 700, kuɗin filina da na sayar da abin da na tara, wlh rubutun nan ma da ƙyar nake yinsa saboda yadda zuciyata take tafasa.

Kuma tun kafin wani ya zo min da "ai da ka duba lambar shasi", na duba. NA DUBA. Abin da ya fi ƙona min rai kenan. Ba yau na fara sayen mota ba, kuma ba da ka na je ba, na san lambar nan da ake kira VIN guda 17 ce haruffa da lambobi a haɗe, na san babu harafin I da O da Q a cikinta saboda kar a rikita su da 1 da 0, na san na goma shi ne yake faɗin shekara. Na ƙirga da yatsana a kan gilashi, na goma A ne, A kuwa 2010 kenan, 2001 zuwa 2009 lambobi ne 1 zuwa 9, daga 2010 aka koma haruffa, B 2011, C 2012, haka har gaba. Farkonta 4T1, wato Toyota ƙirar Amurka, da J ta fara da na san daga Japan take. Na ɗauko takardar kwastam na haɗa, iri ɗaya. A tsaye a wurin na sa lambar a intanet a wayata, ta fito min Camry LE 2010. To don Allah me ya rage wanda mai hankali zai yi ban yi ba?

Mai motar ne fa da kansa ya kai ni wurin lambar. Wannan ne yake ta dawo min. Ban tambaya ba tukuna, ina zagaya motar ina duba tayoyi, sai ya zaro hankici daga aljihun gaban rigarsa ya goge ƙurar da ke ƙasan gilashin, daidai wurin kawai, ya matsa gefe yace "Alhaji karanta da kanka, ni ba na son a ce na ce." Haka ya faɗa. Karanta da kanka. Mutumin da yake da abin ɓoyewa zai goge maka gilashi yace ka karanta? Duk wanda aka yi wa haka zai saki jiki, ko waye shi. Bayan nan aka kira la'asar, sahu ɗaya muka tsaya, kafaɗarsa na gogar tawa, muna fitowa yace "wallahi Alhaji ko yayana uwa ɗaya uba ɗaya ne ya zo iyakar abin da zan rage masa kenan", daga miliyan 10 da dubu 200 ya sauko 9.7, har ina ganin an yi min mutunci.

Yadda asiri ya tonu, baƙin mai ne. Motar tana shan baƙin mai, na yi sabis ba a jima ba na zaro sandar awo na ga ya yi ƙasa sosai, babu ɗigo a ƙasa, babu komai. Na kai wa makanikena, wanda da ma shi ya kamata ya raka ni ranar amma aka yi masa rasuwa ya tafi ƙauye, shi kuma mai motar yana ta kira wai wani daga Kaduna zai turo kuɗi kafin magariba. Yana ɗaga bonet ko taɓa komai bai yi ba ya juyo yace "Yallaɓai wa ya ce maka wannan 2010 ce?" Nace takarda. Yace injin nan 2AZ ne, mai 2.4, na 2007 zuwa 2009, ita 2010 da 2011 injinta 2AR ne mai 2.5, giyarta ma shida ce, wannan biyar. Kuma wannan 2AZ ɗin na shekarun nan sananne ne da shan baƙin mai. Na tsaya musu da shi, wlh har na fara jin haushinsa, nace ƙila injin aka taɓa canzawa. Bai ce min komai ba ya aika yaronsa ya kira mai kwamfuta na layin, aka jona na'urar a ƙasan sitiyari, lambar shasin da ke cikin ƙwaƙwalwar motar ta fito a fuskar na'urar.

Daban take. Ba harafi ɗaya ko biyu ba, wata lamba ce daban gaba ɗaya. Ta gilashi 4T1BF3EK ta fara, ta cikin na'ura 4T1BE46K, na goma kuma 8 ne ƙuru-ƙuru ba A ba. Na ɗauki hoton fuskar na'urar, na ɗauki na gilashi, duka zan saka su ku gani da idonku, zan rufe lambobin ƙarshe kawai saboda shawarar lauya.

Daga nan muka fara bin motar gaɓa-gaɓa. Sitikar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba, wadda ake rubuta watan ƙira da nauyi da lambar shasi, ita ma na duba ta ranar sayen, ta yi daidai da ta gilashi, ashe bugawa aka yi aka manna. Makanike ya sa farce a gefenta ta ɗago salin alin, a ƙarƙashinta ga shatin tsohuwar da aka kankare, fentin wurin ya yi dishi-dishi har da sauran gam. Motocin Amurka akwai wasu ƙananan sitikoki masu ɗauke da lambar a jikin bonet da murfin but da gefen ƙofofi, na bonet babu, na ƙofofin gaba an cire, amma sun manta da ta cikin murfin but, tana nan da 8 ɗinta. Sitikar bayanin inji ta cikin bonet ita ma babu, da tana nan da ta faɗi shekara da girman injin. Bambar gaba, giril, danjojin baya, duk na 2010 aka saya aka ɗaura, shi ya sa in ka hango ta daga nesa ba ka da ta cewa. An yi mata wankan amarya ne kawai aka kawo kasuwa.

Kafin duk wannan ma, bari in koma baya, dillalin da ya haɗa mu ba a hanya na tsince shi ba. Ta hannun abokin aikina na same shi, ya taɓa samo masa Corolla kuma har yau lafiya take. Shi ya turo min bidiyon motar a WhatsApp, shi yace mai ita mutumin kirki ne sun daɗe tare, shi ya karɓi dubu 150 a hannu. Yanzu cewa yake shi ma yaudararsa aka yi. Ƙila gaskiya ne, Allah ya sani, amma dubu 150 ɗin bai dawo da ita ba. Kuma ranar da za a tura kuɗin ne mai motar yace kar a tura asusun kamfani wai akwai matsala da banki, a tura na ƙaninsa, na tambaya dalili, dillali yace ai haka suke yi kullum, na kira abokin aikina yace shi ma lokacinsa haka aka yi. Mutum biyu sun tabbatar min. Na tura miliyan 5, na sake tura miliyan 4 da dubu 700, alat ya shiga a gabana, ya duba waya ya yi murmushi yace "Allah ya sa abokiyar arziki ce, Allah ya tsare hanya." Rasit ɗin da ya rubuta min da hannunsa 2010 ya rubuta, da lambar shasin bogin, da sa hannunsa, shi ma zan saka.

Wani abokina yace ai akwai lambar tantancewa, eh akwai, ta tara ce, a motocin Amurka lissafi ake yi da sauran 16 ɗin a fitar da ita, in mutum ya ƙirƙiri lamba da ka lissafin ba zai hau ba, shafukan dubawa za su ce ba daidai ba ce. To waɗannan ba ƙirƙira suka yi ba. Lambar wata Camry 2010 ta gaske suka kwafa, mai takardar kwastam ta gaske, shi ya sa duk inda ka sa ta za ta wuce lafiya lau. Wato a yanzu haka akwai wata mota a wani gari da take yawo da lamba iri ɗaya da wadda ke gilashina, mai ita bai sani ba, ko kuma shi ma cikinsu yake.

Da daddare na biya kuɗi a intanet aka ciro min tarihin ainihin lambar, wadda ta fito a na'ura. Hotunan motata ne a filin gwanjon motocin hatsari a Amurka, gabanta a dagargaje, bonet ya tashi sama, balan-balan ɗin sitiyari a waje yana reto. Na gane ta ne da wani ɗan yagewa a kujerar baya ɓangaren dama, wanda shi da bakinsa ya nuna min ranar yace "ka ga aibinta ɗaya kenan, gara in faɗa maka." Gara ya faɗa min. Tafiyar da aka rubuta a can mil dubu 200 da ɗoriya ce, agogon da aka sayar min yana nuna dubu 96. Makanike ya buɗe tsakiyar sitiyari, babu balan-balan a ciki, fanko ne, an yi wa fitilar gargaɗinta dabara ta daina kamawa. Da wannan motar na ɗauki matata da yara muka je Zariya muka dawo a kan babban titi. In na tuna wannan kuɗin ma mantawa nake da shi na ɗan lokaci, sannan ya dawo, miliyan 9 da dubu 700.

Ga kuma maganar kwastam da ta fi komai tayar min da hankali. Tun 2022 da lambar VIN suke ƙiyasta duti, takardar da ke hannuna kuwa ta waccan motar ce, ke nan tawa ba ni da wata shaida cewa an biya mata ko sisi. In aka tare ni a hanya aka bincika da kyau ni ne mai laifi, ni za a tambaya wa ya canza farantin, ba shi ba. Sayar da ita ba zan iya ba sai in cuci wani yadda aka cuce ni, kuma ba zan yi ba. Wani mai sana'ar ya duba yace ko da takardunta tsaf suke, a matsayin 2008 mai tarihin hatsari da ƙyar ta kai miliyan 6. Tana nan a fake a ƙofar gida, na koma hawa adaidaita, maƙwabta suna tambaya ko lafiya.

Na koma wurin wanda ya sayar min, ba sau ɗaya ba. Farko yace shi ma haka ya saye ta daga Legas. Nace to muje ka nuna min wanda ya sayar maka. Yace sai ya dawo daga tafiya. Daga baya yace in kawo motar ya sayar ya ba ni abin da ta yi, wato ya sake goge wa wani gilashi yace karanta da kanka. Na ƙi. Na kai maganar wurin shugabannin 'yan kasuwar, an zauna, a gabansu ya yarda zai dawo da miliyan 3 in riƙe motar, nace ni kuɗina nake so cif, miliyan 9 da dubu 700, ya karɓi kayarsa. Tun daga zaman nan wayarsa a kashe, yaran wurin suna cewa ya yi tafiya. Maganar tana hannun hukuma yanzu, shi ya sa ban kama suna ba ban faɗi layin ba, ba tsoro ba ne, lauya ne yace in dakata. Amma rasit, da alat biyu, da saƙonnin murya inda yake rantsuwa 2010 ce ba a taɓa ko fenti ba, da hotunan gwanjon, duk suna wurina, yau da daddare zan fara sakin waɗanda aka yarje min.

Ku kuma masu shirin saye, kar ku tsaya a gilashi da takarda. A jona kwamfuta a karanto lambar daga cikin motar, a duba sitikar but da ta ƙofofi, makanikenka ya kalli injin ya faɗa maka ko ya dace da shekarar, in wuri ɗaya ya saɓa ka bar ta. Kar ka tura kuɗi asusun ƙanin kowa.

Kuma ranar da na saya akwai wata farar Corolla a fake kusa da tawa, ita ma wai 2010, na ji wanda ya sayar min yana ce wa wani dattijo mai jar hula an riga an kawo kafin alƙalami amma zai iya duba masa. Da na koma ba ta nan. Duk wanda ya san wani da ya sayi farar Corolla a Kano kwanan nan, don Allah ya ce masa ya kai ta a jona mata kwamfuta gobe da safe, in lambar ta bambanta ya neme ni ta akwatin saƙo mu haɗa ƙarar.