Gargaɗi ga kwamitocin masallatai da iyayen amare: akwai mai damfara da kayan ado na kan ƙubba da na gado

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Legas, musamman na Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago. Ni kafinta ne, sana'ata fere katako a kan inji, ina yin kawunan ƙafafun gado, kawunan sandar labule da na ginshiƙin matakalar bene. Akwai wani mutum da ke yawo a cikin jama'armu yana karɓar kuɗin irin wannan aiki, har da jinjirin wata na kan ƙubba da hasumiyar masallaci, kuma abin da yake kawowa ba shi ne abin da aka biya ba. Kayansa sun sha zuwa hannuna don gyara, shi ya sa na ga shiru ba zai yiwu ba. Ban rubuta sunansa ba domin kowace unguwa da sunan da ta san shi da shi, lambar wayarsa ma canjawa take. Hanyarsa ce ba ta canjawa, ita zan bayyana muku.

Yana farawa ne da hotuna a Facebook da WhatsApp: ƙubbobi masu ƙyalli, gadaje masu sassaƙa, ƙofofin gida da aka yi wa kawuna na tagulla. Ku duba bayan hoton da kyau, za ku ga gine-ginen ba na ƙasar nan ba ne, daga shafukan kamfanonin waje yake kwaso su. Idan ka ce kana son ganin wajen aiki, sai ya kai ka rumfar wani a kasuwar katako ta Mushin, ya gaisa da yaran wajen kamar shi ne maigida, alhali ɗan abin shan ruwa ya ba su. Hausa yake yi da kai tsaf, yana "ranka ya daɗe", yana "Alhaji ai aikin ɗakin Allah ne, ba zan ci riba ba". Farashinsa kuwa bai kai rabin na kasuwa ba. Daga nan sai maganar kafin alƙalami, wanda yake neman fiye da rabin kuɗin, kuma a tura asusun da ba sunansa ne a kai ba, wai na ƙaninsa ne.

Wasu daga ranar ba su sake jin ɗuriyarsa ba. Waɗanda ya kawo wa kaya kuwa, a ganina sun fi cutuwa, domin sun cika masa sauran kuɗin.

Bari in tsaya a kan maganar masallaci, don ita ta fi ci mini rai. Jinjirin watan da ake sakawa a kan ƙubba abu ne da ba mai hawa ya taɓa shi bayan an kafa, kuma wannan mutum ya san haka. Yana cewa tagulla ce zalla. Wanda aka sauko da shi aka kawo mini, falankin ƙarfe ne marar kauri aka lanƙwasa, aka ɗiga masa walda nan da can, aka fesa fenti ruwan gwal. Da yamma liƙis yake kawo kaya, da yaransa da tsaninsu, kafin 'yan kwamiti su taru an riga an ɗora. Daga ƙasa kowa sai masha Allah. To amma Legas ba Kano ba ce. A gida, zankwayen da ke kan soraye na ƙasa ne, rani mai tsawo yana busar da su, a yi musu yaɓe su ci gaba da tsayuwa. Nan iskar teku ɗauke take da gishiri, ga laima shekara zagaye, ga ruwan Yuni da Yuli. Damina ɗaya ta isa tsatsa ta cinye gindin abin, jan ruwa ya riƙa gangarowa a jikin ƙubba, ruwan sama ya sami hanyar shiga ta ramin da aka huda. Ku yi tunanin ƙarfe mai tsini da gindinsa ya ruɓe yana saman sahun da yaran Islamiyya ke zama. Bayan haka, ƙarfen da ya fi komai tsawo a gini yana buƙatar a haɗa shi da wayar kariyar tsawa da ta sauka cikin ƙasa. Shi ko zancen ba ya yi. Kuɗin nan fa taro da sisi ne na masu facin taya da 'yan acaɓa da masu tura baro, da aka tara a Juma'a bayan Juma'a.

Gwajin ba wuya, amma sai kayan na ƙasa. Ku zo da maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifika ne. Tagulla ba ta kama shi, in ya manne to baƙin ƙarfe ne. Sai dai rashin kamawa kaɗai bai isa ba, domin alminiyon ma ba ya kamawa, don haka a kankare wani lungu da ƙusa. Tagullar gaske rawaya ce har ciki, kuma tana da nauyi a hannu. In fari ko toka-toka ya bayyana a ƙarƙashi, fenti aka sayar muku.

A ɓangaren katako kuwa, iyayen amare yake bi. Zai ce iroko ne, wanda muke kira loko, ko kuma ya ce maɗaci ne. Iroko katako ne mai nauyi da tauri, gara ba ta cika damunsa ba, shi ya sa yake da tsada. Abin da yake kawowa obece ne ko malaina, fararen katakai marasa nauyi, an shafa musu kala mai duhu an bi da man ƙyalli. Danna farce a obece za ka ga shaida. Malaina ba laifi ba ce a wajen da ta dace, ni ma ina aiki da ita, laifin a sayar da ita da kuɗin iroko. Wasu kawunan gadon ma ba katako ba ne, roba ce aka zuba a mazubi, ko garin katakon nan da ake matsewa da gam, wanda da zarar ya sha laima sai ya kumbura. Ku cire kan guda ɗaya ku juya gindinsa inda ba a shafa kala ba. Aikin kirki ana huda rami ne a zura ƙafar katako ko dogon noti, nasa kuwa ƙusa ɗaya ce da gam. Kuma ɗanyen katako yake sayowa, wanda aka yanka kwanan nan bai bushe ba, da iskar hunturu ta kaɗa sai ya tsage. Wata baiwar Allah da ta yi adashe don kayan ɗakin 'yarta, kafin a yi sunan fari kawunan gadon sun rabe biyu.

Duk wanda zai ba da irin wannan aiki, ya koma wajen aikin shi kaɗai ba tare da mutumin ba, ya tambayi maƙwabta rumfar ta wace ce. Ya nemi a nuna masa aikin da ya shekara biyu a tsaye a nan Legas. A rubuta yarjejeniya da sunan ƙarfen ko katakon, sunan da ke kan asusu ya zama shi ne na kan takarda, kuma in ya ce kamfani ne a duba rajistarsa a shafin CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa. Kada a cika kuɗi sai an yi gwaji da rana tsaka.

Waɗanda abin ya riga ya shafa, kada kunya ta sa ku haɗiye. Karɓar kuɗi da yaudara laifi ne a ƙarƙashin sashe na 419 na dokar manyan laifuka da kuma dokar damfara ta 2006. Ku adana rasit, shaidar tura kuɗi da saƙonnin murya, ku sanar da bankinku da wuri. Rundunar 'yan sanda tana da sashen yaƙi da damfara a titin Milverton da ke Ikoyi, akwai kuma hukumar kare masu sayayya ta jihar Legas, LASCOPA. Ku kai maganar fadar Sarkin Hausawan unguwarku ma, limamai kuma don Allah a sanar bayan sallar Juma'a. Masallacin da ya san wannan mutum ne ya kafa masa jinjirin wata, a sa mai walda ya hau ya duba gindinsa a cikin makon nan, kafin nan a janye tabarmin yara daga ƙarƙashin wajen.