G-2 ko mai gilashi uku: wanne za ka ɗaura wa lezarka?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya wane lensi za ka ɗaura wa injin lezarka, G-2 ko mai gilashi uku. Tunda shuɗin dayod ne a hannunka, wato ɗan abin da ke fitar da hasken leza, mai nanomita 445 (ma'aunin da ke nuna launin hasken), kuma zane a kan fata da katako za ka yi, ɗauki lensi mai gilashi uku. G-2 ɗin da kake gwada su da shi, bar shi tukuna.

Na san abin da ke jan mutane wajen G-2, ƙarfi ne. Gilashi ɗaya ne tal, yana zama daf da bakin dayod, tazarar da yake tattara haske wajen milimita 4 ce, shi ya sa yake kama kusan duk hasken da ya fito, sama da kashi 90 cikin 100. Mai gilashi uku kuwa ya ɗan ja baya, gefen hasken yana bugun jikin gidansa ya tsaya a nan, abin da ke wucewa bai fi wajen kashi 70 ba. In da ƙarfi kaɗai ake dubawa, da magana ta ƙare.

Sai dai abin da ke ƙona fata ba yawan hasken ba ne, yadda aka matse shi wuri guda ne. Waɗannan shuɗayen dayod masu ƙarfi, irin su M140 da ake cirowa daga furojekta, ko NDB7875 da NUBM44 na kamfanin Nichia, ba sa fitar da ɗigo zagayayye. Wurin da hasken ke fitowa ɗan siririn layi ne, kuma hoton wannan layin ne lensi ke saukewa a kan fatarka. Idan tazarar lensin gajera ce, hoton ya yi girma. Ta mai gilashi uku ta kai kusan ninki biyu na ta G-2, don haka a nisa ɗaya layin nasa rabi ne a tsawo, rabi a fāɗi. Ka yi asarar wajen kashi uku cikin goma na haske, amma ragowar ta taru a wurin da bai fi rubu'i ba. Ga shi kuma gefen da ya yanke shi ne dama hasken da ke warwatsuwa ya yi wa zane dishi-dishi.

Nawa mai gilashi ukun yana kan injina tun da na haɗa shi, kuma har yau ban ga dalilin sauke shi ba. Wani badukun Ƙofar Wambai ya taɓa kawo min fuskokin takalma na ango, jar fata jemammiya da bagaruwa, yana so a rubuta suna da ajami a kan kowace. Haruffan ƙanana ne ƙwarai, ba su kai faɗin farcen ƙaramin yatsa ba. Da aka gama ya ɗaga ɗaya ya fuskanci hasken ƙofa, yana bin rubutun da babban yatsa. Ɗigon harafin ba yana ƙasa shi kaɗai, ɗigo biyun harafin ta suna sama kowanne a ware, ba wanda ya shiga cikin ɗan uwansa. Gefen kowane harafi baƙi ƙirin, fatar da ke kewaye kuma ba ta yi ko ɗan ruwan toka ba. Bai ce komai ba sai "Masha Allah", washegari kuma ya aiko yaronsa da sauran. Irin wannan aikin ne nake so ka samu daga ranar farko.

G-2 ina da shi, yana cikin gwangwani. Yana yanka siririn filawud idan an sauko da kan injin kusa sosai, iyakar abin da zan ce a kansa ke nan. A ƙaramin rubutu ɗigo biyu sukan haɗe su zama layi ɗaya. In ka taɓa ɗaura shi, gefen da ba shi da tudu ne ke kallon dayod, kuma kada ka murɗa shi har ƙarshe, yana iya tokarar tagar dayod ɗin, wato ɗan gilashin da ke bakinsa, ya fasa ta. Akwai kuma G-8, shi ma gilashi ɗaya amma mai doguwar tazara, wajen milimita 8. Idan hannunka ya faɗa kana son ƙarin ƙarfi ba tare da ɗigon ya buɗe ba, shi za ka nema.

Ba ka tambaya ba, amma dole in ja kunnenka kan masu sayarwa, domin a nan kuɗin mutane ke salwanta. Mafi yawan ƙananan gidajen dayod masu milimita 12 da lensin roba suke zuwa. Wannan na ƙananan jajayen leza ne, irin na nuni. Ka sa masa shuɗi mai wat ɗaya ko fiye, cikin ɗan lokaci zai yi hazo, ya narke, hayaƙinsa ya bi ya ɓata tagar dayod. Akwai marasa tsoron Allah da ke zuba robar a gidan tagulla su kira ta gilashi. Wasu kuma su rubuta wat 40 ko 80 a jikin kan leza, alhali wutar da yake ja suke nufi ko ma ƙarya ce tsagwaronta, hasken da ke fita bai wuce wat biyar da ɗoriya ba. Wanda ya yi maka ƙarya a wat, kada ka yarda da shi a lensi.

Abu biyu za ka sa mai kaya ya rubuta maka kafin ka tura ko sisi. Na farko tiredi, wato zaren da ake murɗa lensin a cikinsa, M9 x 0.5. Lensin kyamarar tsaro da za ka iya gani a shagunan Beirut Road ko Sabon Gari yawanci M12 ne, ba zai shiga ba, kuma ba don wannan aikin aka yi shi ba. Na biyu shafin da ke jikin gilashin, wanda ke hana haske komawa baya. Akwai na shuɗi, nanomita 405 zuwa 450, akwai na ja, wajen 650. Idan aka ba ka na ja, ƙarfi zai ragu, wani hasken kuma ya koma cikin dayod ya rage masa kwana. In aka miƙo maka wani faffaɗan lensi mai ruwan lemo, na injin leza irin na CO2 ne mai nanomita 10,600, mayar masa da abinsa.

Ni ta intanet nake yin oda daga China, ko in haɗa da kayan 'yan kasuwarmu masu sauke kaya daga Guangzhou. Abin bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba, don haka sayi biyu ko uku a tashi ɗaya. Hayaƙin fata yana da maiƙo, ga ƙurar hunturun Kano, idan suka haɗu a kan gilashi sai zafin leza ya gasa su a wurin. Sa 'yar fanka ko famfon iska ya riƙa kore hayaƙin, ka riƙa gogewa da auduga da sifirit irin na isopropyl bayan ka kashe wuta. Kada ka kusanci fatar roba ta PVC da leza, hayaƙinta guba ne gare ka, yana kuma cin ƙarfe da gilashi. In lensin yana rawa a cikin tiredi, naɗa masa farin tef na masu gyaran famfo.

A cikin odar nan ka haɗa da tabarau na kariya wanda aka rubuta nanomita 445 a cikin iyakarsa, mai lambar OD (ƙarfin tare haske) 4 ko sama. Duk lezar da ta haura miliwat 500 tana ajin ƙarshe ne, aji na 4, ko hasken da ya dawo daga jikin ƙarfe yana iya lalata ido kafin ka ƙifta. Baƙin gilashin rana ba ya tare shi. Kada ka kunna sai tabarau ɗin ya iso, kuma ka kulle ƙofa saboda yara. Idan kayan sun zo, turo hoton lensin ta gaba da ta baya mu duba maka kafin ka ɗaura.